In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Haƙƙin Mai Tafiya da Ƙafa a Kan Mai Keke

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, aka buga shi domin amfanin 'yan ƙungiya da iyalansu.



Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran shugabannin ƙungiya, shugabannin makarantu, iyayenmu wakilan kwamitocin kula da makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata na Rano da Kibiya, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da aka ba mu wannan dama.

Mun saba, duk lokacin da muka taru irin haka, maganar da ke cinye rabin zama ita ce ta albashi da ƙarin girma da cunkoson yara a aji, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta. To amma abin da aka ɗora mana mu yi bayani a kansa yau ƙarami ne a ido: yadda mai keke zai sanar da mai tafiya da ƙafa cewa ga shi nan tafe, a hanyar da su biyun suke tarayya a kanta. Dalilin kawo wannan batu gaban malamai kuwa a fili yake. Da yawa daga cikin masu hawa kekunan nan ɗalibanmu ne da 'ya'yanmu, wasu ma mu ne da kanmu. Waɗanda ake bankewa su ma namu ne: 'yan aji ɗaya masu rataye da jaka, iyayenmu mata masu ɗauke da kaya, da tsofaffin da ido da kunne suka fara yi musu nauyi.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, mun ga yadda kekunan da suka daɗe jingine a zaure suka sake fitowa. An kakkaɓe musu ƙura, an sa sabuwar taya, an zuba wa sarƙa mai. Malamin da ke zuwa aiki a babur ya koma feda, uban da ke biya wa ɗansa kuɗin mota ya sayo masa keken hannu. Wannan ba abin kunya ba ne. Keke tsohon aboki ne a ƙasar Kano. Iyayenmu sun yi alfahari da Raleigh, daga baya Phoenix ta zo ta cika kasuwa. Sai dai abin da muka lura da shi shi ne, an gyara taya da sarƙa, an bar ƙararrawa. Duk wanda ya tsaya a ƙofar makaranta da safe ya duba kekunan da aka jera zai ga da yawa babu ita, wasu kuma murfinta ya faɗi, sai gindin ƙarfen kawai ya rage a jikin kan keken.

Mu dubi hanyoyin da muke bi. Titin da ya taso daga Bunkure ya ratsa Rano ya nufi Kibiya, da wanda ya yi wajen Rurum, a mafi yawan tsawonsu ba a ware wa mai ƙafa wurinsa daban ba. Idan babbar mota ta taso, mai keke yakan sauka gefen kwalta domin ya tsira, kuma a gefen nan ne mai ƙafa yake tafiya. Wato wanda ya gudo wa mota shi ke zame wa wani barazana. Bayan titi kuma akwai turbobin da suka fi shi yawa: turbar da ta ratsa gonaki, burtalin shanu, lungun cikin gari, gangaren rafi. Yaron da ke zuwa makaranta daga ƙauyukan Lausu ko Zurgu ko Saji, ko daga wajen Tarai da Durba da Fammar, mafi yawan tafiyarsa a irin waɗannan yake yi. Faɗin wasu bai wuce taku biyu ba. Babu ɗan sanda a can, babu alamar hanya, babu jami'in kiyaye haɗurra. Abin da ya rage tsakanin mai keke da mai ƙafa shi ne tarbiyyar da mai keken ya fito da ita daga gida da makaranta.

Hausawa suna da karin magana cewa ana ta gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Ma'anarta a yau alkawarin da aka daɗe ana yi ba a cika ba. Amma idan muka koma ga asalin zancen za mu tarar da wani darasi: mai kora sa a cikin mutane shi ne yake ɗaga murya ya ce gafara, tun san bai iso ba, har ma wanda aka yi wa gargaɗin yakan waiga bai ga komai ba tukuna. Kakanninmu sun san gargaɗi na gaskiya shi ne wanda ya riga haɗarin isowa da tazara. Shi kuwa keke ya fi sa wuyar sha'ani ta wani ɓangaren, domin sa yana da ƙaho da za a hango da kofato da za a ji. Jaki yana da takunsa, babur yana da rurinsa. Keke mai lafiya a kan turba mai laushi ba ya yin ƙara ko kaɗan. Idan mai shi bai yi magana ba, babu abin da zai yi magana a madadinsa.

Addini ma ya riga ya nuna wanda nauyin fara magana yake kansa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ɗora fara sallama a kan wanda ke bisa abin hawa idan ya haɗu da mai tafiya a ƙasa. Malamai sun bayyana cewa daga cikin hikimar haka akwai kawar da girman kai daga zuciyar mahayi, da kuma kwantar da hankalin wanda ke ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar da muke so mu gina duk sauran bayaninmu a kanta: wanda ya fi sauri da nauyi shi ne zai fara sanarwa, kuma sanarwar tasa roƙo ce. Ƙararrawa ba ta sayen hanya. Wanda ya kaɗa ta bai mallaki turba ba. Izini ya nema, sai ya jira a ba shi.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi irin na aji shida, domin mu ga abin da ake nufi da tazara. Yaro mai ƙarfi a kan hanya miƙaƙƙiya yana iya gudun kilomita 18 a awa ɗaya, wato mita 5 a kowane sakan. Babban mutum mai tafiya da ƙafa yana yin kimanin kilomita 5 a awa, wato ƙasa da mita ɗaya da rabi a sakan. Idan keken ya biyo shi ta baya, ratar da ke tsakaninsu tana raguwa da kamar mita 3 da rabi a kowane sakan. Mu ƙaddara mutumin yana buƙatar sakan 3 kafin ya ji ƙarar, ya gane daga ina ta fito, ya waiga, ya ɗaga ƙafa ya matsa. A cikin wannan ɗan lokaci keken ya riga ya cinye fiye da mita 10. Saboda haka wanda ya kaɗa ƙararrawa yana mita 5 daga bayan mutum bai gargaɗe shi ba, razana shi ya yi. Kuma wanda ya razana ba ya zaɓen inda zai yi tsalle. Sau da yawa gaban tayar yake faɗawa. Abin da ya dace shi ne a fara sanarwa daga kamar mita 20. Yara ba sa riƙe mita a kai, amma idan muka ce musu tsawon ajujuwa biyu a jere, za su gane.

Akwai wani lissafin da ya kamata su sani. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin keke ya tsaya tana ninkawa huɗu. Idan aka ɗora buhun masara a kariya, ko aka goyo ƙane a baya, tsayawar ta ƙara wuya. Irin kekunanmu masu birkin sanda da bakin wili na ƙarfe, da zarar sun ratsa ruwa sai robar birkin ta riƙa zamewa, ba ta kamawa sai ta bushe. A cikin yashi kuma, wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi shi zai fara kai wa ƙasa. Don haka hannu ya fara zuwa ga birki kafin babban yatsa ya je ga ƙararrawa. Gargaɗin da ba a haɗa shi da rage gudu ba umarni ne kawai, cewa ka kauce ko in taka ka.

To, da me ake sanarwa? Abu na farko ita ce ƙararrawa. Amfaninta shi ne muryarta siririya ce, tana ratsa hayaniya, kuma kowa ya san ƙarar keke ce; ba sai ya waiga ba ya riga ya san abin da ke tafe. Kaɗawa ɗaya ko biyu daga nesa ta isa. Kaɗa ta babu ƙaƙƙautawa a ƙeyar dattijo rashin kunya ne, ko da ba a buɗe baki ba. Wannan ba ra'ayin ƙasarmu kaɗai ba ne. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana a shekarar 1968 ta lissafa abin da keke zai kasance da shi: birki mai aiki, ƙararrawar da za a ji daga nesa, jan abu mai ƙyalli a baya, da fitila a gaba da baya. Wato tun a wancan lokaci an ɗauki ƙararrawa a matsayi ɗaya da birki, mu kuwa muka mai da ita kayan ado.

Abu na biyu ita ce murya, kuma a nan harshenmu ya wadatar da mu. Muna da sallama. Muna da "gafara dai". Muna da "a gafarce mu, Baba", da "sannu Inna, ga keke nan". Waɗannan kalmomi suna yin aiki biyu a lokaci ɗaya: suna sanarwa, suna kuma girmamawa. Ƙararrawa ta fi isa nesa, murya ta fi kwantar da hankali idan an matso. Mai hankali yakan haɗa su, ya kaɗa daga nesa, ya yi gaisuwa daga kusa. Sai mu kwatanta wannan da abin da muke ji a bakin wasu yara: "kai, kauce!", ko "matsa!", ko fito, ko tsaki, ko irin kiran da ake yi wa akuya. Mafi muni shi ne wasan nan na ihun "ba birki!" alhali da birkin, domin kawai a ga mutane sun watse ana dariya. Ranar da birkin ya tsinke da gaske, babu wanda zai yarda.

Akwai wani kuskure da ma masu ladabi suke faɗawa ciki. Mai keke yakan ce "dama" ko "hagu", yana nufin ɓangaren da shi zai bi. Mai ƙafa kuwa, da yake bai shirya ba, kalmar da ta shiga kunnensa ita yake bi: ya ji dama, sai ya matsa dama, su yi karo. Ya fi kyau a faɗi magana cikakkiya wadda ba ta buƙatar ya yi komai: "Ci gaba da tafiyarki, Inna, zan wuce ta gefe." Idan kuma turbar ba za ta ɗauki mutum biyu ba, a ce "gafara dai", a bar shi ya zaɓi inda zai tsaya, sa'an nan a bi ta ɗayan ɓangaren.

Abu na uku shi ne jiran alama. Kaɗa ƙararrawa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tabbatar da cewa an ji. Alamar ita ce mutum ya waiga, ko ya ɗaga hannu, ko ya amsa sallama, ko ya raɓe. Idan ba a ga ko ɗaya ba, a ɗauka bai ji ba. Mai yiwuwa kurma ne, kuma kurumta ba ta da alama daga baya. Mai yiwuwa makaho ne wanda ya ji sarai amma bai san inda gefen turba yake ba. Mai yiwuwa saurayi ne da ya toshe kunne da waya yana sauraron waƙa. A Ingila, lokacin da aka sabunta ƙa'idojin hanya a watan Janairun 2022, an tunatar da masu keke wannan batu kai tsaye, cewa mai ƙafa yana iya zama kurma ko makaho ba tare da an gane ba, an kuma tsara cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa. Idan babu alama, sai a rage gudu zuwa na tafiyar ƙafa, a buɗe rata, in ta kama a sauke ƙafa ƙasa. Sauka daga keke bai taɓa rage wa kowa daraja ba.

Sa'an nan ba kowane mai ƙafa ne ake yi wa sanarwa iri ɗaya ba. Matar da ta ɗauko tulu ko itace ko ƙwaryar nono a bisa gammo ba ta iya juya wuya. Sai ta juya jikinta gaba ɗaya, kuma a hankali. Idan aka razana ta, ko keken bai taɓa ta ba, kayan sun zube. Ƙwaryar nonon nan kuwa ita ce cinikin yininta, ita ce cefanen gidanta. Yarinya mai hijabi ba ta ganin gefe sosai, kuma mayafin yana rage mata ji. Ƙaramin yaro idan ya ji ƙara ba ya matsawa gefen da ya fi kusa da shi. Wurin uwarsa ko yayarsa yake rugawa, ko da hakan na nufin ya ratsa ta gaban keke. Saboda haka idan mai keke ya ga uwa a wannan gefe, ɗa a wancan, kada ya kuskura ya bi ta tsakaninsu. Ayarin 'yan makaranta ko na almajirai idan suka ji ƙararrawa sukan rabu biyu, sa'an nan a ƙarshe ɗaya ya canza shawara ya tsallaka ya koma wurin abokinsa. Wannan na ƙarshen shi ake bankewa. Tsoho kuwa faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe riga, shi tana iya karya masa ƙugu, ta kwantar da shi kwanciyar da ba lalle ya sake tashi ba. A burtali kuma, idan an haɗu da garke ko jaki da kaya, da makiyayin ake magana, a bar ƙararrawa, domin dabbar da ta firgita ba a san wanda za ta bi ta kansa ba.

Lokutan shekara ma suna canza lissafin. Da damina, idan dawa da gero suka yi tsawo suka rufe turba, kowace kwana makauniya ce. A nan ba a jiran sai an ga mutum. Ana kaɗa ƙararrawa kafin a shiga kwanar, ko da ana zaton babu kowa. Haka ma a lungunan cikin gari, inda ƙofar zaure take buɗewa kai tsaye a kan hanya, yaro yana iya fitowa a guje kowane lokaci. Da hunturu hazo yana rage gani da safe, daidai lokacin tafiya makaranta, mutane kuma sun naɗe kunnuwa saboda sanyi, don haka sai a ƙara tazara a ƙara ɗaga murya. Bayan magariba, lokacin da ake komowa daga masallaci da makarantar dare, fitila ita ce ƙararrawar ido. Wanda ba shi da ita ya ɗaura 'yar tocila a kan keken, ya karkatar da ita ƙasa kaɗan domin kada ta kashe wa mai zuwa ido. A ranar kasuwa kuwa, inda mutane suka yi cincirindo, babu ƙararrawar da za ta yi amfani. A sauka a tura.

Ba mu ce mai ƙafa ba shi da nasa rabon ba. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, ababen hawa a Najeriya suke bin hannun dama. Saboda haka a kan titin mota inda babu wurin masu ƙafa, ƙa'ida ita ce mutum ya bi gefen hagu, yana fuskantar abin da ke tahowa, domin idonsa ya taimaki kunnensa. Yara su yi layi ɗaya a inda hanya ta matse. Wanda ya ji ƙararrawa kada ya yi tsalle. Ya ci gaba a kan layinsa, ko ya waiga tukuna kafin ya matsa. Wanda aka yi wa sallama ya amsa, domin amsar ita ce ke gaya wa mai keke cewa an ji. Amma duk da haka nauyin bai zama ɗaya ba. Mai keke yana ganin bayan mai ƙafa, mai ƙafa ba ya ganin mai keke. Wanda yake gani shi ake tambaya.

Mun san akwai masu cewa: ina keke ina kisa? Ga tireloli, ga motocin haya, ga babura, sai a zo ana maganar ƙararrawa? Gaskiya ne, manyan haɗurra ba keke ke jawo su ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanyoyi duk shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Amma mu tambayi kanmu: direban da ke danna oda ba tare da ya taka birki ba, a ina ya koyi wannan hali? Da yawa daga cikin 'yan acaɓa da direbobi a ƙasar nan da keke suka fara. A kan sirdin keke ne yaro yake fara ɗanɗana cewa ya fi wani sauri, a nan ne kuma yake yanke shawarar abin da zai yi da wannan fifiko. Idan ya saba yana ɗan shekara goma sha ɗaya cewa mutane ne za su watse masa, haka zai yi yana ɗan shekara ashirin da biyar a bayan sitiyari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunmu ɗanyen yake.

Akwai kuma masu cewa ƙararrawa kuɗi ce, kuma ana kwance ta idan an ajiye keke. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba, bai kuma kai abin da ake kashewa wurin mai ɗori ba, balle zaman sulhu a gaban mai unguwa ko dagaci tsakanin gidaje biyu da suke maƙwabtaka tun kaka da kakanni. Mai gyaran keke yana iya dame kan noti yadda ba za ta kwantu da sauƙi ba. Wanda kuma bai samu ba tukuna, Allah ya ba shi baki, kuma "gafara dai" ba a sayenta.

Me za mu yi a matsayinmu na malamai? Muna ba reshe shawarwari huɗu, waɗanda babu wadda ke jiran kasafin kuɗi daga sama.

Na farko, a kai darasin fili. A lokacin motsa jiki a ja layi biyu a ƙasa, faɗin turba, a auna mita 20. Yaro ɗaya ya hau keke, ɗaya ya ɗauki bokitin ruwa a ka, wani ya toshe kunnuwansa ya zama kurma, wasu uku su zama ayari. A bar su su gwada sanarwa daga kusa da daga nesa, su ga bambancin da idonsu. Yaron da ruwa ya zubo masa a jiki saboda an razana shi ba zai manta ba. Malamin lissafi ya ɗauki misalin gudu da tazara ya sa a allo, malamin Hausa ya tattara kalmomin neman hanya, malamin addini ya yi bayanin haƙƙin hanya.

Na biyu, sau ɗaya a mako malamin da ke kan aiki ya duba kekunan da ke ƙofar makaranta: birki da ƙararrawa. Ba don a yi bulala ko a ƙwace keke ba, domin yaron da aka hana keke wataƙila an hana shi makaranta ke nan. A aika wa uba saƙo cikin mutunci, a kuma kai maganar taron iyaye da malamai.

Na uku, kwamitin kula da makaranta ya zauna da masu gyaran keke na garin. Su ne ke ganin kowane keke, kuma maganarsu tana shiga kunnen yara. Idan mai faci ya saba tambayar "ina ƙararrawarka?" kamar yadda yake tambayar iska, rabin aikin ya yiwu.

Na huɗu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun shekarar 2018. Reshe yana iya amfani da wannan rana ya gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 kuma take da tsarin ƙungiyoyin kiyaye haɗurra a makarantu, su yi wa yara bayani a taron safe.

Sama da waɗannan duka akwai abin da yara ke gani. Malamin da ya makara, ya ratsa ɗalibansa a guje a kan keke ko babur yana daka musu tsawa, ya rushe darasin mako guda a cikin sakan biyar. Malamin da ya rage gudu ya ce wa tsohuwa "gafara dai, Inna", ya jira ta raɓe, ya yi mata godiya, ya koyar da aji guda ba tare da alli ba. Ɗalibin da ke sanye da kayan makaranta kuma, duk abin da ya yi a turba da sunan makarantarsa za a faɗe shi, daga nan a tambayi wane ne malaminsa.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnen na mai ƙafa ne, jikin ma nasa ne, amma jiyarwar tana wuyan mai keke. Muna roƙon kowane ɗayanmu, idan ya koma gida yau, ya duba keken da ke zaurensa, ya matsa birkin, ya kaɗa ƙararrawar, ya kira yaron da ke hawansa ya tambaye shi abin da yake cewa idan ya taho bayan mutum. Amsar da yaron zai bayar ita za ta nuna mana inda za mu fara.

Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu a kan hanyoyinmu, ya kai kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a aikinmu.